Hannun Hagun Eilert

Ranar gwanjo, dusar ƙanƙara ta kwana kan shinge.
An daɗe da yanke alkamar Dakota,
gona ta yi ƙwal kamar kan da aka aske.
Maƙwabta sun zo da manyan riguna da ƙananan kuɗi,
suna shafa kayan kakana Eilert
kamar masu taya akuya.

Tarakta ta tafi. Injin walda ya tafi.
Zarton lantarki, da ya saya ba don yana so ba,
ya tafi cikin kwalinsa.
Sai mai gwanjo, Dwight Kessler, ya leƙa rumfa,
ya ga mamatsin ƙarfe ɗaure a benci,
baƙi ƙirin, nauyin ɗan maraƙi,
ya taɓe baki: "Wannan sai 'yan gwangwan."

Ban tanka ba.
Ina zai san Eilert ya bar hannun hagu
cikin injin sussuka, shekarar da aka haifi mahaifiyata?
Daga ranar, duk abin da hannu zai riƙe,
muƙamuƙin nan ne ya riƙe.

Gabansa baki ne, haƙora sun suɗe.
Bayansa uwar maƙera, fuska duk tabon guduma.
Ƙasa akwai wani ƙaramin baki mai kama bututu,
gefe kuma dutsen washi
da nake juyawa ina 'yar shekara bakwai,
tartsatsi na tashi, ina ihu, yana dariya.
Mariƙinsa kaɗai ke ƙyalli,
daidai inda tafin dama ya shekara sittin yana sauka.

Me bai riƙe ba?
Haƙorin garma. Takalmin doki.
Sarƙar keken yayana Arvid.
Cokalin kaka Borghild da ƙofa ta lanƙwasa.
Har ƙwallon da ya gagari haƙori daren Kirsimeti.
In katako ne, sai ya shimfiɗa masa fata a baki,
ya ce da ni, "Gudrun, riƙo daban, cizo daban."

Da la'asar Merle Haugen ya ja tirelar da ya saya,
sai ƙarfen haɗi ya murɗe kamar wutsiyar kare.
Gari na nesa, mil talatin.
Wutar gidan tun Talata aka yanke ta.
Injinan lantarki suka yi zuru a bayan motoci
kamar baƙin da ba su san hanyar rijiya ba.

Na shiga rumfa.
Na juya mariƙi, ya yi ƙara irin ta tsoho in zai miƙe.
Na ɗiga masa mai, ya buɗe baki.
Ya karɓi ƙarfen, bai tambayi na wane ne ba.
Merle ya zura bututu, ya danna da kafaɗa,
muka kai shi baya, guduma huɗu,
ƙarfe ya miƙe sak.
Ba wanda ya tafa. Sanyi ya yi yawa.

Kessler ya gyara murya: "To, wa zai taya?"
Hannu biyu suka tashi.
Na ce a sauke, wannan ba ya cikin lissafi.

Kusoshi huɗu suka ɗaure shi, tsatsa ta aure su.
Sai da duhu ya shiga muka raba shi da benci,
ya bar sawunsa fari a jikin katako.
Bayan motata ya durƙusa har Fargo.

Ɗakina hawa na uku ne, ba ni da benci.
Yana zaune a ƙasa kusa da firji,
kullum sai na yi tuntuɓe da shi.
Jiya yarinyar maƙwabta ta ƙwanƙwasa ƙofa,
takalmin zamiyar ƙanƙara a hannunta, ƙarfen ya karkace.
Na ce ta shigo, ta cire safar hannu,
ta kama mariƙin nan, inda yake ƙyalli.